Shin Bell ya sace wa Meucci wayar tarho ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran waya ne, kuma na haɗa wata 'yar na'urar caji da ban taɓa ganin irinta ba. Tun da na ji an ce Bell ya sace wa Meucci wayar tarho hankalina ya tashi. Abokaina sun ce in ɗora bidiyonta a TikTok domin duniya ta shaida tawa ce. In ɗora?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka ɗora.

Antonio Meucci ɗan Italiya ne, an haife shi a 1808. Ya yi aikin na'urorin gidan wasan kwaikwayo a Havana ta ƙasar Kuba, sannan a 1850 ya koma Staten Island a New York yana sana'ar kyandir. Ciwon gaɓɓai ya kwantar da matarsa Ester, kuma a nasa bayanin, waya ya ja daga ɗakinta zuwa wurin aikinsa don su riƙa magana. A 1871 tukunyar jirgin ruwan Westfield ta fashe, ya ƙone sosai, talauci ya ƙara danne shi. A Disambar shekarar ya shigar da takardar sanarwa ta wucin gadi kan na'urar maganarsa a ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, wadda ake sabuntawa kan dala 10 a shekara. Takardar ta daina aiki a 1874. Alexander Graham Bell kuwa ya shigar da cikakkiyar takardar neman haƙƙin mallakar wayar tarho ranar 14 ga Fabrairu 1876, aka ba shi haƙƙin mallaka ranar 7 ga Maris.

Meucci yana ba ni tausayi ƙwarai. Amma takardarsa ba ta fayyace yadda murya ke komawa lantarki ba, kuma a 1887 kotu ta ba kamfanin Bell gaskiya. Kudurin Majalisar Wakilan Amurka na 2002 da ake ta yaɗawa a WhatsApp karramawa ce ga aikin Meucci, bai soke haƙƙin kowa ba. Bayan kwana 10 ma majalisar Kanada ta fito ta tsaya wa Bell.

Yanzu maganar abokanka, wadda na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani matashi ya zo mini da na'ura a leda, yana murna bidiyonsa ya zagaye gari, har ya buɗe cikinta ya nuna kowace waya da inda ta shiga. Ya ɗauka ya kafa shaida, alhali da hannunsa ya kashe kansa. Sharaɗin farko na haƙƙin mallakar ƙirƙira shi ne abin ya zama sabo, bai fita ga jama'a ba kafin ranar shigar da takarda. Dokar Najeriya ta 1970 haka ta tanada. Da zarar ka bayyana shi a fili, ya daina zama sabo ko a wurinka kai mai shi. Masu ba da wannan shawara ba su taɓa riƙe fom ɗin rajista ba, amma su ne kan gaba wajen fatawa a majalisa. Yawan masu kallo ba ya tsaya wa mutum a gaban alƙali.

Ka zauna ka rubuta yadda na'urar ke aiki dalla-dalla, da zane, irin bayanin da wani mai gyara zai bi ya haɗa ta ba tare da ya tambaye ka ba. A nan ne takardar Meucci ta gaza. Sannan ka nemi ofishin rajistar da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, ko NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta. Sai ka karɓi shaidar ranar shigarwa a hannunka kafin ka kunna kyamara.