Aikin kwandasta a taragon lantarki na Crich

Malam, ka tambayi aikin kwandastan sa-kai a taragon lantarki na gidan tarihin Crich da ke Ingila. Horo za a fara ba ka tukuna.

Karɓar tsohon kwabon da ake ba baƙi a ƙofa ka miƙa musu tikiti ba wuya. Nauyin yana wajen ƙararrawa: bugu biyu direba ya tashi, bugu ɗaya ya tsaya. Kada ka kuskura ka buga biyu sai ka leƙa matakala ka tabbatar ƙafar kowa ta shige, musamman yara.

A ƙarshen layi, kafin tarago ya koma inda ya fito, za ka juya kujeru, ka sauko da sandar wuta, wato sandar da ke saman tarago mai jawo lantarki daga wayar da ke sama, ka zagayo da ita baya. In bakinta bai zauna daram kan waya ba, tana suɓucewa ana cikin tafiya, wuta ta ɗauke.