Garmahon da za mu zaɓa wa Alhaji

Ɗana, ka tambaye ni batun Alhajin nan da ya gaji fayafayen mahaifinsa. Bai taɓa aza allura kan faifai ba, amma ya ce a samo masa garmaho na gani na faɗa, ko nawa ne zai biya. Kai kuma kana ganin mu yi masa odar Linn Sondek LP12 daga Amurka, tunda ka ji ana yabonsa. To ka natsu ka ji.

LP12 inji ne na ƙwarai, tun farkon shekarun 1970 ake ƙera shi a Glasgow. Sai dai farantinsa da hannunsa kan sifirin uku suke zaune, saitinsu kuwa aikin gwani ne. In ya goce, Alhaji ba zai iya komai ba, mu ma kayan gyaransa ba a Sabon Gari za mu same su ba.

Batun Amurka ya fi damuna. Wutarsu volt 120 ce, tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230, sau 50. Taransifoma zai rage maka volt, amma ba ruwansa da kaɗawar. Injuna masu bel da yawa, motarsu da kaɗawar wutar take auna gudunta. In ka jona na Amurka a nan, faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi a minti sai ya dawo wajen 28, muryar mawaƙi ta yi nauyi kamar wanda bai wartsake daga barci ba. Ko na Ingila ka kawo, mai irin wutarmu, ranar da aka ɗauke wuta aka tada janareta mai hawa da sauka, haka kiɗan zai riƙa tangaɗi, sai fa in injin na da akwatin wutarsa mai daidaita gudu.

Shi ya sa na fi karkata ga Technics. Gidan SL-1200 tun 1972 yake, ba shi da bel, motar ce ke juya faranti kai tsaye, kuma na yanzu da kansu suke riƙe gudunsu. In Alhaji na son mai tsada, ga SL-1200G. In yana son wanda zai buɗe kwali ya fara saurare, SL-1500C da kan allura a haɗe yake zuwa, mai suna Ortofon 2M Red, kuma yana ɗaga hannu idan faifai ya ƙare. Wanda aka yi wa kasuwar Turai za ka nema, mai 230.

Kan nan da ke riƙe da allura, a nan masu kuɗi ke yin asara. Iri biyu ne, MM mai maganaɗisu mai motsi a ciki, da MC mai naɗin waya mai motsi. Dillali zai tura maka MC don ya fi tsada, kuma gaskiya yana da daɗin sauti. Amma sabon shiga sai ya karya allura, ko shi, ko jikansa, ko mai goge ƙura da tsumma. Ta MM zare ta ake yi da yatsa biyu a zura sabuwa. Ta MC sai an mayar da kan gaba ɗaya kamfani. Ka sa masa MM, irin 2M Red ɗin nan. In kunnensa ya buɗe, allurar 2M Blue na shiga jikin Red ɗin ba tare da an kwance komai ba.

Ranar haɗawa kada ka yi gaggawa. Ka ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa kan faranti har ta tsaya tsakiya. Ka murɗa nauyin da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, ka mayar da lambar sifili, sannan ka kai ta giram 1.8, ka tabbatar da ƙaramin sikeli. Yara da yawa na rage nauyi wai don tausayin faifai, alhali allurar da ba ta zauna ba ita ke tsalle tana ƙwarzane shi. Ka ɗaure siririyar wayar ƙasa a amfilifaya, in ba haka ba gurnani zai cika ɗakin. Lasifika kuma kada su hau teburi ɗaya da injin.

Ka haɗa masa da buroshin share faifai saboda ƙurar hunturu, ka nuna masa a tsaye ake jera su, nesa da taga, don zafi na lanƙwasa su.

Gobe ka je gidan kafin mu yi odar komai. Ka leƙa bayan amfilifayarsa ko akwai ramin da aka rubuta PHONO, domin sautin faifai sai an ƙara masa ƙarfi an maido masa da ganga kafin ya sauraru. Ka kuma ɗaga fayafayen ɗaya bayan ɗaya. In ka ga masu kauri da nauyi, masu lamba 78, ka ware su gefe, allurarsu daban ce mai faɗin baki, sai mu saka ta cikin lissafi.