Yaron da muryarsa ba ta bin ta sauran

Ɗana, abu biyu ka tambaye ni a dunƙule. Ka ce a ajinka akwai 'yan yara da Allah ya ba murya, akwai kuma waɗanda da sun buɗe baki sai waƙa ta wargaje. Shin ba gara ka zuba ƙarfinka kan masu baiwar ba, sauran ka jera su a sahun baya su riƙa motsa leɓe ranar taron makaranta? Ka kuma ce kullum murya a dushe kake tashi daga aiki, har ka fara tunanin anya za ka daɗe a wannan sana'a.

Kada ka taɓa ce wa yaro ya motsa leɓe ya yi shiru. Wannan magana ba ta fita daga zuciya. Za ka ga dattijo da furfura yana cewa shi bai iya waƙa ba, in ka bi diddigi sai ka tarar wani malami ne ya faɗa masa haka tun yana aji biyu, shi kuma ya gaskata. Alhali waɗanda aka haifa kunnensu ba ya rarrabe sauti na sama da na ƙasa kaɗan ne ƙwarai, masu bincike ba su kai da su sama da mutum 4 cikin 100 ba. Mafi yawan yaran da ke ba ka wahala suna jin karin waƙar sarai. Abin da ba su koya ba tukuna shi ne yadda za su sa maƙogwaro ya fitar da abin da kunne ya ji, kuma koyar da wannan shi ne aikin da aka ɗauke ka.

Ga yadda ake yi. Irin wannan yaro yakan maƙale ne a muryar da yake magana da ita, can ƙasa. Kada ka tsaya a sama kana kiransa ya hawo. Ka ce ya ja sauti ɗaya duk inda ya fi masa sauƙi, kai ka sauko ka same shi a nan, ku riƙe tare har ya ji muryoyinku sun haɗe sun zama ɗaya. Yawancinsu ba su taɓa jin wannan haɗuwa a jikinsu ba, kuma za ka ga fuskar yaro ta canza a daidai lokacin. Daga nan ku riƙa ja sama a hankali kamar jiniya, ku sauko, ku sake hawa. Minti biyu kullum ya fi awa guda a mako. Ka tuna kuma muryarka ta babban namiji tana ƙasa da tasu da tsani guda cur, wato daga do zuwa do na gaba a jerin sautukan waƙa na do-re-mi, shi ya sa wasu ke ruɗewa suna neman bin ka ƙasa. Ka sa yaro ɗan'uwansu mai murya tsayayya ya riƙa ba da waƙar, su amsa. Mai raunin kuma ka tsayar da shi a tsakiya, tsakanin masu ƙarfi biyu, inda sauti mai kyau zai shiga kunnuwansa ta dama da hagu.

Manyan wannan fanni duk a nan suka tsaya. Zoltan Kodaly na ƙasar Hangari, wanda ya rasu a 1967, ya dage cewa murya ce kayan kiɗa na farko, tunda kowane yaro da abarsa yake zuwa makaranta, kuma a fara masa da waƙoƙin harshen uwarsa. A tsarinsa akan soma da sauti biyu kacal na jerin do-re-mi, wato so da mi, ana nuna su da alamun hannu da aka aro daga John Curwen na Ingila, don ido ya taimaki kunne. Carl Orff na Jamus ya sa aka ƙera wa yara kayan kiɗa masu sandunan katako da ake iya cirewa, a bar sauti biyar waɗanda duk yadda yaro ya buga ba za su yi karo da juna ba. Shinichi Suzuki kuwa, a garin Matsumoto na Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hujjarsa ita ce babu yaron da ya kasa koyon harshen gidansu, saboda yana jin sa dare da rana kuma ba mai yi masa tsawa in ya yi gwaranci. Don haka bai riƙa tace yara da jarrabawa kafin ya karɓe su ba. Ni dai ban ga dalilin da zai sa malamin makaranta, wanda aka damƙa wa aji gaba ɗaya, ya fi waɗannan mutane tsanani wajen zaɓe ba.

Akwai wani lokaci da nake so ka sa ido sosai, shi ne tsakanin shekara 12 da 15, sa'ad da muryar yaro namiji ke fashewa. Maƙogwaro na girma, murya na zillewa, 'yan aji na dariya, sai yaron da jiya shi ne gwaninka ya daina zuwa. Ka kira shi gefe ka gaya masa abin da ke faruwa a jikinsa, ka nemo 'yan sautukan da suka rage masa, ko biyar ne, ka tsara masa amshi a cikinsu. In ranar ta ƙi, ka ba shi ganga. Muddin yana cikin ɗakin, zai dawo da sabuwar murya.

Masu baiwar ma ba a yar da su. Ka ba su lokaci bayan an tashi, ka ɗora musu abin da ya ɗan fi ƙarfinsu, ka sa su jagoranci ƙanana. Ranar da ka ga ɗaya ya kai iyakar abin da ka sani, ka kai shi da hannunka wurin wanda ya fi ka. Zuciya takan so ta riƙe shi don a ce ɗalibin wane ne, ka ƙi mata.

Dushewar muryarka kuwa, daga yadda kake koyarwa take. Kana waƙa tare da su kana neman danne murya arba'in da taka guda. Ka rera musu layi, ka yi shiru su maimaita. Ta haka ne za ka ji inda suke kuskure, su kuma su daina jingina da kai. Kada ka yi ihu don a nutsu. Ka tafa wani ɗan kari su amsa maka da tafi, aji zai yi tsit. Ka sha ruwa tsakanin darasi da darasi. In dushewar ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta sake ka ba, ka ga likitan maƙogwaro, domin tantanin maƙwallato yakan yi kanta in an daɗe ana matsa masa.

Mako mai zuwa ka rubuta sunayen yaran da ka so mayarwa baya, kowanne da sautin da ka same shi a kai. Zan zo in zauna a ƙarshen aji, mu fara da wanda ka fi fid da rai da shi.