Ruwan garau yake, amma kifayena suna mutuwa

Tambaya: Malam, na haɗa akwatin gilashi na ruwan gishiri mai lita 200 a gidana da ke Barnawa. Kwana biyu da zuba ruwa na saka kifi biyar da murjani mai rai, irin na cikin teku. Kafin sati ya zagayo uku sun mutu, alhali ruwan garau yake, kuma duk safiya ina wanke soson matatar da ruwan famfo. Ina matsalar take?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri. Amoniya ce ta kashe su, kuma ba ta da launi, ido ba ya ganin ta. Daga jikin kifin take fitowa, da kashinsa, da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. A ruwan gishiri, inda pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yake wajen 8.2, dafinta ya fi tsanani.

Ba soso ne yake kawar da ita ba. Bakteriya ne da ke manne a jikin duwatsu da yashi: wasu su mayar da amoniya wani sinadari mai dafi, naitirait (nitrite), wasu su mayar da naitirait naitiret (nitrate), wanda bai kai su illa ba. Kafin su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin kifi, sai an yi sati 4 zuwa 6. Kai kuwa ka kawo baƙi ba a ɗora tukunya ba. Ɗan bakteriyan da ya fara kamawa a soson ma, kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe shi kullum. In za ka wanke, ɗauraye shi da ruwan da ka ɗebo daga akwatin.

Yanzu kada ka ƙara kifi. Rage abinci, ka riƙa canja wani kaso na ruwan, ka sayi kayan gwaji. Sai amoniya da naitirait sun nuna sifili za ka ƙara, shi ma ɗaya bayan ɗaya. Naitiret kuwa ba a so ya ƙare ƙaf, don murjani yana buƙatar kaɗan. Tsakanin 2 da 10 a ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan, ya yi. Ka gwada ruwan burtsatse kafin ka zuba masa gishiri, wani da naitiret ɗinsa yake zuwa.

Abin da ya fi damuna a Kaduna shi ne wuta. Bakteriyan nan da iskar oksijin suke aiki. Aka ɗauke wuta da tsakar ranar Afrilu, famfon da ke juya ruwan akwatin ya tsaya, ruwa ya ɗumama, oksijin ya ja baya, sai bakteriyan su fara mutuwa. Da ni ne, zan haɗa famfon da inbata ko sola kafin in sake sayen kifi.