Shin gwamnati tana da rigar kariya daga ƙara?

Tambaya: Barista, wata biyu ke nan da motar wata hukumar gwamnatin tarayya ta afka wa shagona a Karu, Abuja. Sun ce in rubuta koke in jira. Maƙwabta kuma sun ce gwamnati na da rigar kariya, ba a kai ta kotu. Jarina ke nan kaf. Ina mafita?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ana kai gwamnati ƙara, ta tarayya da ta jiha. Sashe na 6(6)(b) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kotuna hurumin shiga tsakanin ɗan ƙasa da gwamnati.

Rigar kariyar da ake ta yayatawa tana sashe na 308, kuma shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kaɗai ta rufe, su a karan kansu, muddin suna kan mulki. Ba ta rufe ma'aikata ba, ba ta rufe hukuma ba, balle direba. Ko gwamna ana iya sa sunan ofishinsa a ƙarar da ta shafi aikin gwamnati.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wannan jita-jita ke cinye haƙƙin talaka kullum. Dokar kare jami'an gwamnati, sashe na 2(a), wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara daga ranar da abin ya faru. Mutum ya zauna, wani lauyan gindin bishiya ya ce masa babu fa'ida, wani ya karɓi kuɗin mota wai zai gano masa babba a ofis, a ofis kuma a yi ta "je ka dawo". Takardar koke ba ta tsayar da lissafin kwanakin nan, alkawarin baki ma haka. Ranar da wa'adin ya cika, lauyan hukumar ba zai ma taɓa maganar shago ba, cewa zai yi an makara, kotu ta kori ƙarar.

Saura maka wata ɗaya. Ga lauya cikin makon nan, domin dokokin hukumomi da yawa sun wajabta a ba su sanarwar niyyar ƙara, galibi ta wata guda, kafin a je kotu. Tafi da rahoton 'yan sanda, lambar motar, hotuna, rasiɗan kaya da kwafin kokenka mai hatimin karɓa. Shi zai duba kotun da ke da hurumi, don kuskuren kotu ma yana cin lokaci.

Ko ka yi nasara, cire kuɗin daga asusun gwamnati yakan buƙaci amincewar Antoni Janar, sai ku tsara wannan tun yanzu.