Kafin Ka Tura Kuɗin Belin Riga-kafi a Indiya

Tambaya: Ina saro yadi a Surat ina kawowa Kantin Kwari. A tafiyata ta baya cacar baki ta haɗa ni da dillalin da ya sauya mini kaya, har na hankaɗe shi. Bayan na dawo aka ce ya kai ni ƙara wurin 'yan sanda. Wani ya ce in turo kuɗi a karɓo mini beli tun ba a kama ni ba. Kayana na can. In tura?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Belin da ake faɗa maka gaskiya ne, yana sashe na 482 na dokar BNSS, dokar tsarin shari'ar laifuka ta Indiya da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024, a da sashe na 438 na tsohuwar doka. Amma an tanade shi ne domin laifin da beli ba haƙƙinka ba ne, kuma kotun Sessions (kotun manyan laifuka ta gunduma) ko babbar kotun jiha kaɗai ke bayarwa. 'Yan sanda ba su da hurumi, balle ɗan tsakiya.

In hankaɗewar ta jawo ƙaramin rauni ne, sashe na 115(2) ne na dokar BNS, dokar hukunta laifuka ta Indiya: iyakarsa ɗaurin shekara 1, ko tarar rupi 10,000, ko duka biyun. Beli a nan haƙƙinka ne, kuma ba a kamu sai da sammacin kotu. Ke nan za ka sayi abin da ba ka buƙata.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne ƙari. Rigimar ciniki takan rikiɗe, mai ƙara ya liƙa zamba, sashe na 318(4), wanda aka fi sani da 420. Wannan kam belinsa sai alƙali ya ga dama. Saboda haka ɗauki lauya mai rajista a Surat, ya zaro maka kwafin rahoton ƙarar da ke wurin 'yan sanda, ka ga sashen da idonka. Sallamarsa ta bi ta banki, da rasiti.

Ko an ba ka belin, lissafa sharuɗɗansa cikin asara. Kotu na iya hana ka barin Indiya sai da izininta, baƙo kuma akan ce ya ajiye fasfo. Kuɗin masauki na tafiya, biza na ƙarewa, shago a Kano ba mai shi, ga kakar Sallah ta wuce. Wannan ya fi kuɗin lauya ciwo nesa ba kusa ba.

Ni dai sulhu nake ba ka shawara. Doka ta yarda wanda aka ji wa ƙaramin rauni ya yafe a rufe maganar. Kai ma ka yi kuskure da ka kai hannu, ba da haƙuri ba zai rage ka ba. Nemo dattijo a kasuwar da ku biyu kuke jin nauyinsa, lauya ya rubuta sulhun a miƙa wa kotu. Kayan kuma sa kamfanin jigila ya karɓa da takardun biya, kada ka yanki tikiti sai lauya ya ce hanya ta buɗe.