Turancin tufafi a Ingila: amsa ga mai shirin tahowa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Turancin da ka koya a gida zai ishe ka sayen sutura a nan Ingila, da kuma ko muna sa kayanmu na gida. Muna sawa, musamman ranar Juma'a da Sallah da taron suna. Turancin ne dai yake buƙatar gyara, don kusan wuri ɗaya yake kayar da duk sabon zuwa.

Fara da wando. A wurinmu guda ɗaya ne, amma Bature jam'i yake ɗaukarsa saboda ƙafafuwansa biyu. Ba a cewa "a trouser". Sai dai "a pair of trousers", ko "my trousers are tight". Haka jeans da shorts da pyjamas. Ka kiyayi kalmar pants: a Amurka wando ce, a nan kuwa kamfai take nufi. Vest a nan singileti ce, a Amurka falmaran. Jumper kuma ba jamfarmu ba ce, rigar sanyi ce ta saƙa. Namiji ba ya kiran kayansa dress, domin doguwar rigar mata ce. Clothes zai ce, ita ma kullum jam'i ce, cloth kuwa yadi ne ko tsumma.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kalmar "sa". Mu da ita muke yin komai, su sun raba biyu. Lokacin da kake zura rigar, put on ne. In ta riga ta hau jikinka, kana sanye da ita, wear ne: "he is wearing a cap". Tuɓewa take off ne, "off your shoes" da ake faɗa a gida ba a san shi ba a nan. A kanti ka ce "can I try it on?" Lura da it ɗin, tsakiya yake shiga, "try on it" kuskure ne. Bayan ka gwada, "it fits" na nufin awo ya yi daidai, "it suits you" ta karɓe ka, "it matches" launinta ya dace da wani abin da ka sa. In za ka jera siffofi, girma ne a gaba, sai launi, sai irin yadin: "a long white cotton kaftan".

Lambar takalmi ma daban take. Ta Turai muka saba da ita a gida, don haka mai sa 42 ya nemi 8, mai 43 ya nemi 9, amma ya gwada tukuna, kamfanoni suna saɓawa. A wando za ka ga W34 L32, wato ƙugu inci 34, tsawon ƙafa daga ciki inci 32. Ga matarka kuma, lamba 12 ta tufafin mata a nan ita ce kusan 8 a Amurka.

Kayanmu dai yawancinmu ba ma canja musu suna, kuma hakan ya fi. Ka ce babbar riga ce, sannan ka bayyana: "an embroidered robe". Shadda brocade ce, atamfa wax print. Zani kam kada a ce wrapper, ledar alawa za su zata, wrap skirt ya fi kusa. In katin gayyata ya ce "national dress welcome", to ka fito da hularka da malum-malum ba tare da shakka ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kaftani kaɗai ba ya tare sanyi, shadda ma ɗaukar sanyi take yi. Muna sa thermals a ciki, riga da wando masu manne jiki, sai kaftani, sai kwat mai kauri a sama. Saboda haka ka ce wa telanka ya ƙara inci ɗaya ko biyu a ƙirji da hannu. Ka ɗinko a gida, don ɗinki a nan tsada gare shi, ko rage tsawon wando kuɗi ne mai kauri. In ta kama, take in ragewa ne, let out buɗawa, take up rage tsawo. Shaddarka kuma kada ka jefa ta injin busarwa, zafin yana kashe mata ƙyalli, kuma babu mabuga a nan da za su dawo maka da shi. Wanke ta da hannu a ruwa mai ɗumi kaɗan, ka goge ta tun da sauran danshi.